Zuwa ga Bawana Bazazzage, Mai Farautar Boris

Malam, bawan Kanawa, ina yi maka gaisuwa irin ta ubangida mai tausayi. Labari ya iso Kano cewa motar nan taka mai kujera biyu ta hau kan bulo, ƙafafun baya a sama, kuma kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana koya wa 'ya'yan mutane lissafi, yanzu kana bin kasuwa-kasuwa da baƙar leda a hannu kana neman boris ɗin aksul. Wanda ya kawo mini labarin ya rantse cewa ya gan ka a Pantekar Kaduna cikin babbar riga da zanna-bukar, ka durƙusa gaban tarin ƙarafa kana tono, har wani yaro ya ɗauka ɗan jari-bola ne Allah ya buɗa masa. Ban yi mamaki ba. Daga Ƙofar Doka har Samaru, babu wanda zai karɓi kuɗin giratuti ya rasa abin saye sai MG ƙirar 1967 in ba kai ba.

Waɗanda kuka yi ritaya tare, wani ya sayi gona a hanyar Giwa, wani ya tafi Umara, wani ya ƙara aure ya samu mai yi masa kunu. Kai kuwa ka jawo mota mai ɗaukar mutum biyu ka shigo da ita gidan da ake sauke tukunyar mutum goma sha wani abu. An ce da Hajiya ta tambaye ka inda jikoki za su zauna, sai ka gyara gilashi ka ce, "Motan nan ba na yara ba ne, na tarihi ne." Ga sitiyari a dama. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972, zamanin Janar Gowon, Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, amma da alama takardar sanarwar ba ta iso Zariya ba tukuna. In za ka wuce tirela a hanyar Kaduna, sai ka tambayi na gefenka ko gaba da lafiya, shi kuma yana salati.

Ita motar ba zan ci zalinta ba, domin ba ta yi mini laifi ba. MGB ce, ƙirar garin Abingdon da ke kusa da Oxford a Ingila. An fara fitar da ita a 1962, aka rufe masana'antar a 1980, kuma a tsakanin nan an ƙera sama da rabin miliyan, akasarinsu Amurka aka kai. Inji mai siisii 1798, kafireto biyu, batura biyu masu bolt shida-shida a ɓoye bayan kujera, inda babu wanda zai neme su sai mai binciken kwastan. Mota ce mai sauƙin kai, kuma saboda yawanta a duniya, kayanta ba su yanke ba. Har gangar jikinta sabuwa fil wani kamfani mai suna British Motor Heritage yana bugawa tun 1988 da ainihin injinan da aka yi amfani da su a da. Wato kaya suna nan. Mai nema ne aka samu matsala da shi.

Ga yadda aka ba ni labarin shigarka shago na farko. Ka yi sallama irin ta malamai, ka ce, "Samari, ina neman boris na MG." Yaron shago ya ce, "Wace shekara, Baba?" Ka ce sittin da bakwai. Ya yi shiru, ya dube ka daga hula zuwa takalmi, ya ce, "Shekarun Baba ko na motar?" Daga nan ya ciro waya ya nuna maka hoton wata doguwar mota mai sheƙi, ya ce irin wannan ce? Kai kuma ka fusata ka fara yi masa lacca. Ai yaron bai yi kuskure ba, Malam. Sunan MG ya bar hannun Turawan Ingila tun 2005, lokacin da kamfanin MG Rover ya durƙushe, wani kamfanin Nanjing na ƙasar Sin ya sayi ragowarsa, sannan a 2007 kamfanin SAIC na Shanghai ya haɗiye shi. MG ɗin da yaron ya sani da taka babu abin da ya haɗa su sai tambarin nan mai kusurwa takwas.

To saurara, ga karatun da ba a koyarwa a birnin ilimi. Kamfanin MG bai taɓa ƙera boris ba. Sayo shi yake yi, kamar kowane kamfanin mota, daga masu sana'ar. Akwai Timken, wanda Henry Timken, mai ƙera keken doki a St. Louis, ya kafa bayan ya yi rajistar boris mai rola masu tsukakken kai a 1898. Daga baya kamfanin ya koma Canton a jihar Ohio, kuma ya daɗe da masana'anta a Northampton ta Ingila. Akwai SKF na Gothenburg a Suwidin, tun 1907. Akwai na Ingila su kansu, Ransome & Marles da Hoffmann da Pollard, waɗanda suka haɗe a 1969 suka zama RHP, daga baya NSK na Japan ya saye su a 1990. Waɗannan mutane ba ruwansu da sunan mota. Awo suka sani. Boris ɗaya zai iya shiga motar tsere, ya shiga tarakta, ya shiga tirela, ya shiga injin masana'anta. Saboda haka kowane boris yana ɗauke da lambarsa a bisa gefen zobensa, an buga ta cikin ƙarfe. Mai rola irin na awon inci ma lamba biyu gare shi, ɗaya a kofin waje, ɗaya a zoben ciki mai ɗauke da rola, domin dabam-dabam ake lissafa su. Duk Bakanon da ya taɓa tsayawa bayan kanta ya san cewa ba a zuwa wurin mai boris da sunan mota. Da tsohon boris ake zuwa, a goge shi da fetur, a ɗaga shi wajen haske, a karanta.

Sai na tambayi mai ba ni labari, to ina tsohon boris ɗin? Nan ya kama ciki yana dariya.

Ashe ranar da aka kwance aksul ɗin kana zaune a kan benci kana karanta jarida, bakanikenka ya ɗora abin a kan tsohon rim, ya kafa masa cizal, ya ce wa yaronsa, "Ba shi!" Yaro ya ɗaga guduma. Bugu na farko keji ya tsage, rola suka watse cikin ƙasar gareji, yara suka bi su da gudu. Bugu na biyu ya sauka daidai kan lambar. Abin da ya saura aka jefa cikin bokitin ƙarafa, washegari da sassafe mai jari-bola ya zo da sikelinsa ya auna ya biya. Ina jin yanzu boris ɗinka ya zama rodi a wani gini. Kai kuwa da aka ce maka an cire, sai ka ce madalla, ka ba da tukwici. Akwai ƙarfen da ake kira fula, mai ƙafafu, wanda ake maƙala wa boris a juya noti ya zaro shi lafiya lau. Ko babu shi, ai akwai waya a aljihunka. Da ka ɗauki hoton lambar kafin guduma ta iso, da duk wannan yawon bai same ka ba.

Daga nan sai aka shiga babin "kusan daidai", wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. An ce bakanike ya auna wuyan da boris ke zama da zaren tsintsiya, ya je kasuwa ya dawo da wani sabo cikin kwali, ya ce, "Alhaji, wannan ɗan'uwansa ne." Malam, kai ne malamin lissafi, amma bari in tuna maka. Kasuwanninmu yau kayan motocin Japan da Jamus da Faransa ne suka cika su, kuma akasarin boris ɗinsu awon milimita ne. Lambarsu ma tana faɗin girmansu: ka ɗauki 30206, ka ninka lambobi biyun ƙarshe sau biyar, ka samu ramin ciki milimita 30, faɗin waje kuwa 62. Motocin Ingila na wancan zamani kuwa da inci aka yi tunaninsu, inci ɗaya milimita 25.4. Ɗauki misalin sanannen Timken mai lamba LM11949: raminsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, wato milimita 19.05. Ka sa mai milimita 20 a gurbinsa, bambancin bai kai milimita ɗaya ba, ido ba zai gani ba, amma boris da ya kamata ya kama wuyansa gam sai ya riƙa juyawa a kansa yana cin sa. Bakanikenka ya san maganin wannan, kuma maganin ya fi cutar muni. Zai ɗauki fanci ya bi wuyan yana saran sa ɗigo-ɗigo har ƙarfen ya tattaso, ko ya yanko gwangwanin madara ya naɗa, ya buga boris a kai, ya girgiza da hannu ya ce, "Ka ji ya zauna." Zai zauna, har Kwangila. Bayan nan ba boris kaɗai za ka nema ba, har da abin da boris ke zama a kai.

Kafin ma a zo ga lamba, ka san wane irin aksul ne a ƙarƙashin motarka? Na san ba ka sani ba, domin sanin yana bukatar a kwanta a ƙasa a leƙa, kai kuwa tun da fansho ya fara shigowa tumbi ya hana ka ganin ko yatsun ƙafarka. MGB tana da aksul iri biyu. Na farko, wanda Turawa ke kira banjo, tukunyarsa ta gaba ake zaro ta ɗungurungum bayan an kwance zagayen notuna, bayansa kuwa a rufe yake ba murfi. Na biyu, ƙirar kamfanin Salisbury, yana da murfi a baya wanda ake kwancewa a ga haƙora. Mai rufin ƙarfe, wato GT, da na biyun ta fito tun 1965. Mai rufin tamfol irin taka sai a 1967 ta koma kansa. Ka ga ka zaɓi ainihin shekarar da ake canji, don dai kada wani abu naka ya zo da sauƙi. Boris ɗin su biyun ba ɗaya ba ne: na gefen tukunyar banjo mai ƙwallo ne, yana da gaba da baya, in aka juya shi ba zai yi ƙarko ba, na Salisbury mai rola ne. Ban da haka, motar da ta haura shekara hamsin ta ratsa hannaye da yawa, ba mamaki wani ya taɓa canja mata aksul gaba ɗaya. Ko tsawon aksul ɗin ya bambanta tsakanin mai rim na waya da mai rim na faranti. Don haka takardun mota ba shaida ba ne a nan. Ka aiki jikanka ya shiga ƙarƙashi da tocila.

Da yake na san kana jin kunyar tambayar bakanike abin da tukunyar nan take yi, bari in rufa maka asiri. In mota ta sha kwana, tayar waje tana cin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. Da a ce sanda ɗaya ce ta haɗa su, da ɗaya sai ta riƙa jan ƙasa tana ƙara. Shi ya sa aka raba sandar biyu, aka sa wasu ƙananan giya huɗu a tsakiya waɗanda ke barin kowace taya ta yi gudunta alhali inji yana tura su duka. Wannan shi ne difaransha da kake ta faɗa da Turancin Samaru. Ƙarfin inji yana zuwa ta farfela, ya shiga wani ƙaramin giya, finiyo, shi kuma ya juya babban faifan haƙora, kirawun. A motarka finiyo haƙori 11 gare shi, kirawun 43. Ka raba, ka samu 3.909, wato farfela sai ta juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Boris huɗu ne ke riƙe da wannan aure: biyu a wuyan finiyo, biyu a gefen tukunya. Aikinsu bai tsaya ga sa abu ya juya sumul ba. Su ne ke tsayar da haƙoran nan biyu a daidai inda za su haɗu, kuma finiyo da kirawun tun daga masana'anta aka goga su da juna, ba a raba su, ba a yi wa ɗaya sabon abokin zama. Da zarar boris ya saki, haƙora sun bar mazauninsu, sai kuka.

Kukan nan ma, wane iri ka ji? An ce da bakanike ya tambaye ka, cewa ka yi, "Yana dai yin wani irin ƙara a baya." Ai aksul yana magana, Malam, kuma harshensa bai kai Larabci wuya ba. In gurnani ne da ke ƙaruwa da gudu, ya kuma canja in ka karkata sitiyari hagu ko dama, to boris ɗin ƙafa ne, ba ruwan tukunya. In shewa ce siririya da ke tashi in ka taka totur ta lafa in ka ɗaga, ko ta tashi in ka ɗaga ƙafa mota tana gangarawa da kanta, to ka tuhumi finiyo da zaman haƙora. In kuwa "ƙwas" kake ji sau ɗaya duk lokacin da ka saki kuloci ko ka koma ribas, wannan tsohon ciwon MGB ne mai aksul ɗin Salisbury, duk masu irinta sun san shi: wasu 'yan washa ne a bayan ƙananan giyan nan huɗu suke cinyewa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma ana canja su ta murfin baya ba tare da an sauke aksul ba. Mai ba ni labari ya ce da ka kwaikwayi ƙarar da bakinka a majalisa, "ƙwas" ka ce. In haka ne, an fasa boris mai lafiya ke nan saboda laifin washa. Allah ya ji ƙansa.

To tunda an riga an fasa, sai a nemi mafita, kuma da yake ubangida ba ya barin bawansa cikin rana, ga hanya.

Ka bar layin 'yan kayan mota. Ka nemi masu boris zalla, waɗanda ke sayar wa masana'antu da masu injin niƙa da masu tarakta. A Kano irin waɗanda kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa suka saba aike wa. Awon inci ba baƙonsu ba ne, domin tsofaffin Land Rover da Bedford da taraktocin Massey Ferguson sun daɗe a ƙasar nan. Ka tafi da tukunyar da finiyon kansu a but, ba da zaren tsintsiya ba. Mai boris na ƙwarai zai ciro ma'aunin ƙarfe ya auna kaurin wuya, ya auna faɗin gurbin da kofi ke zama, ya auna zurfi, sannan ya buɗe littafin musayar lambobi, inda ake ganin lambar wani kamfani da takwararta a wani. Na san wani dattijo da ke da irin littafin nan, bangonsa ya yi baƙi da giris, an ɗaure shi da robar tayar keke. Yakan lashi yatsa ya bi layi da farce, in ya iso sai ya ƙwanƙwasa wurin sau biyu ba tare da ya ɗago kai ba. In ya ce babu, babu ne. Ba zai ce maka ga ɗan'uwansa ba.

In ba a dace a gida ba, sai Ingila, kuma can abin har ya yi yawa. Akwai kamfanoni irin su Moss Europe da Rimmer Bros da suka ƙware a kayan tsofaffin motocin Ingila, littafinsu da zanen kowane noti da lambarsa. Akwai ƙungiyar MG Car Club tun 1930, hedikwatarta a Abingdon ɗin, da MG Owners' Club da aka kafa a 1973, cike da tsofaffi irinka waɗanda matansu suka gaji da magana. Har Pantekarsu gare su: kowace shekara a Beaulieu, kudancin Ingila, ana cin babbar kasuwar tsofaffin kayan mota, Bature da hular sanyi ya durƙusa yana tono cikin kwali, ba wanda zai ce masa ɗan jari-bola. Da can aka haife ka da ka yi suna. Ɗan ƙanwarka da ke karatu a can zai iya saya maka, in dai ka gaya masa irin aksul ɗin, ka kuma tuna cewa fam ba naira ba ne, ga kuɗin aike, ga kwastan. Ka haɗa odar gaba ɗaya: boris huɗu, sil ɗin finiyo, gasket, washa, shim masu kauri dabam-dabam. Na san halinka, za ka yi odar abu ɗaya don tsimi, sannan ka biya kuɗin jirgi sau uku. Kuma in wani ya yi maka tallan tsohon ajiya, wai na asali ne tun zamanin Abingdon ba a taɓa buɗewa ba, ka sa a buɗe takardar man a duba. Ƙarfen da ya shekara hamsin a ɗaki mai danshi yakan yi ɗigon tsatsa a inda rola suka kwanta, kuma ɗigo ɗaya ya isa.

Sai jabu. Wannan ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. Manyan kamfanonin boris na duniya sun daɗe suna yaƙi da shi, har SKF ta fitar da manhajar waya da ake ɗaukar hoton kwali da boris a aika musu su tantance. Kwalin jabu yau ya fi na gaskiya kyau. Abin da ke tona shi shi ne farashi da kuma bakin mai sayarwa. In ka ji an ce, "Akwai orijinal, akwai mai bi masa, akwai na talaka," duka kuma suna ɗaya ne a kwalin, to ka yi sallama. Na faɗi wannan ne domin na san in aka jera wa Bazazzage farashi uku, na huɗu yake tambaya.

Yanzu a ce boris ya zo, na gaskiya, daidai awo. Kada ka yi walima tukuna, domin saye shi ne ƙaramin aikin. Ba a buga sabon boris da guduma ta kan rola. Ana ɗumama zoben ciki cikin mai, zafin da bai wuce digiri 120 ba, ya buɗe kaɗan ya zame da kansa, ko a tura shi da injin matsa. Ba a haɗa sabon zobe da tsohon kofi don kofin "bai ci ba". Sannan a zo ga ɗauri. Boris mai rola yana son a matse shi kaɗan tun kafin ya fara aiki, kuma kaɗan ɗin nan shi ne duk sana'ar. Kamar zariyar wando ce, abin da bai kamata a koya wa mutumin garinku ba: ka sassauta ka ji kunya a kasuwa, ka ƙulle da yawa ka kasa cin tuwo. In ya yi sako-sako finiyo zai riƙa rawa, haƙora su ci juna. In ya matsu da yawa zai yi zafi ya ƙone kafin ka kai Tashar Yari. Ana gane daidai ne ta auna ƙarfin da ake bukata kafin finiyo ya juya, da sifana mai awo ko sikeli mai ƙugiya, a gwada da abin da littafin motar ya ce. A aksul ɗin Salisbury akwai wani ɗan bututu tsakanin boris biyun finiyo wanda ke lanƙwashewa yayin da ake ɗaure noti. In aka zarce, ba a komawa baya, sai sabo. Ka gaya wa yaron nan mai guduma, wanda na ji an ce yakan sa bututun famfo a sifana ya hau kai da ƙafa biyu.

Tukunyar Salisbury ma ba ta shiga gidanta haka kawai. Akwai ƙarfe na musamman da ake ɗaura wa gidan a buɗa shi ɗan ƙanƙani, a zura ta, a saki. In aka buɗa fiye da kima gidan ya tafi ke nan. Tazarar da ke tsakanin haƙoran finiyo da na kirawun kuwa da kashi-kashi cikin dubu na inci ake lissafa ta, da agogon awo mai allura, ana ƙara shim a wannan gefe ana ragewa a wancan. In an gama sai a shafa wa haƙora shuɗin fenti, a juya, a duba inda fentin ya goge. In tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, an dace. In ya hau can bisa ko ya gangara gindi, a sake kwancewa. Bakaniken ƙwarai zai iya yini a kan wannan kaɗai, yana kwancewa yana ɗaurawa, ba ya ko amsa sallama. In naka ya gama cikin rabin sa'a ya ce a kawo kuɗin aiki, ka san fenti bai ga haƙori ba. Ka nemi tsofaffin da suka yi aiki a kan aksul ɗin Land Rover da manyan motoci, su ne suka san wannan karatu, kuma suna ƙarewa.

Abu biyu na ƙarshe masu arha, shi ya sa na san za su yi maka daɗi. Man da ake zubawa man giya ne mai lamba 90 na irin waɗannan haƙora masu gogar juna, mai warin nan da ba ya fita daga riga, a cika shi har bakin ramin gefe. Ba baƙin man da aka juye daga janareto ba. Sannan a saman aksul akwai ɗan ramin shan iska; in laka ta toshe shi, aksul ya yi zafi, iska ta rasa hanya, sai ta turo mai ta sil, tukunya ta bushe ba ka sani ba. Ina kyautata zaton daga nan ciwon motarka zai sake tasowa, domin damunar Zariya ba ta wasa, kuma na san ba a wanke ƙarƙashin motar nan ba tun zamanin Gowon.

In an haɗa, kada ka gwada ta a cikin gari inda 'yan acaɓa za su rufe maka kunne. Ka hau hanyar Kano da safe, ka taka, ka ɗaga, ka saurara, in ka yi tafiya kaɗan ka tsaya ka taɓa wuyan finiyo da bayan hannu. Ɗumi ba laifi, amma in ya ƙona ka, ka kashe inji. Zan sa yara su jira ka a Kwanar Ɗangora da a-kori-kura da igiya mai kauri. In ka iso da ƙafafunka huɗu, masa da miyar taushe suna wuyana, kuma zan zauna a kujerar gefe ka zagaya da ni Ƙofar Nasarawa, da sharaɗin ni zan riƙa duba maka hanya. In kuwa a kan igiya ka iso, akwai mai sikeli a Ƙofar Ruwa da muka riga muka yi magana, ya ce tsohon ƙarfen Ingila yana da nauyi, zai saya da daraja, kuma la'adata kashi goma ce.